KARE DA MADUBI

Yara, ko akwai wanda bai taɓa duba madubi ba a cikinku? Na san babu. Yarinya in za ta sa kwalli da safe, madubi take ɗaukowa. Yaro kuma in an gama yi masa aski, sai a miƙa masa madubi ya ga yadda kansa ya koma. Amma ba a taɓa jin wanda ya ɗaga madubi ya ce, "Maraba da baƙo, daga ina aka fito?" ba. Kowa ya san fuskar da yake gani a ciki tasa ce.

To, dabba fa? In an ajiye madubi gaban kare, me yake gani? Ya san shi ne, ko kuwa tsammani yake wani kare ne ya shigo masa gida? In kuma bai gane fuskarsa ba, sai mu ce bai san kansa ba ke nan? Tambayoyin nan ba na wasa ba ne. Manyan masana sun yi shekara fiye da 50 suna bincike a kansu, har yanzu kuwa ba su gama gardama ba. Bari mu bi maganar sannu a hankali, mu fara daga gida.

Karnukan ƙasarmu

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi hanyar mota ya yi kudu, zai wuce Boɗinga, ya kai Shagari, kafin ya isa Tambuwal. A ƙauyuka da rugagen da ke dama da hagun hanyar nan ba a rasa karnuka. Yawancinsu sirara ne, masu dogayen ƙafafu da gajeren gashi, waɗansu jajaye, waɗansu farare, waɗansu masu dabbare-dabbare. Ba don ado ake ajiye su ba, kowanne da aikinsa. Akwai na gadi, mai kwana a ƙofar gida ko bakin garke. Akwai na makiyaya, mai bin shanu da tumaki duk inda suka sa gaba. Akwai kuma na farauta.

Ku lura da karen farauta da rani, bayan an kwashe gero da dawa, mafarauta sun fita daji. Maigidansa yana tafe yana hange da ido. Shi kuwa kare kansa a ƙasa yake, yana bi yana sansanar ciyawa da ramuka. Mafarauci ya duba fili bai ga kome ba sai kara da yashi, amma kare ya san zomo ya bi ta nan, ya kuma san wajen da ya nufa. Ku riƙe wannan a zuciya, gama za mu komo kansa nan gaba.

Abin da kare ke yi gaban madubi

A ce an sayo babban madubi, irin wanda ake sa wa amarya a ɗaki, an jingine shi a tsakar gida kafin a shigar da shi. Ga ɗan kwikwiyo ya zo wucewa, bai taɓa ganin madubi ba. Da ya yi arba da shi sai ya tsaya cik, ya miƙe kunnuwa. Wani ya yi haushi ya ja da baya. Wani ya yi gurnani, gashin bayansa ya tashi. Wani kuma ya kwantar da ƙirjinsa ƙasa yana kaɗa wutsiya, watau yana kiran baƙon su yi wasa. Duk waɗannan abubuwa ne da kare ke yi wa ɗan'uwansa kare.

In an jima sai ya matso ya sa hanci ya sansana. Ba ya jin warin kare. Sai ya zagaya bayan madubin ya leƙa, bai ga kowa ba. Ya komo gaba, ga baƙon nan yana kallonsa. Bayan ɗan lokaci sai ya gaji ya tafi abinsa. In an bar madubin nan kwana da kwanaki, sai ka ga kare yana wucewa ta gabansa ko kallo bai ishe shi ba.

Ba kare kaɗai madubi ke ruɗawa ba. Rago in ya ga inuwarsa a jikin mota mai ƙyalli ko ƙofar gilashi, sai ya ja da baya ya kai tunkuyi, wani lokaci har ya yi ɓarna. Zakara yakan yi faɗa da inuwarsa. Tsuntsu yakan zo kullum yana saran gilashin taga da baki.

Mutanen dā ma sun lura da haka. Kuna iya tuna tsohon labarin nan na karen da ya ɗauko nama a baki, ya zo ƙetare ruwa, ya ga inuwarsa, ya yi tsammani wani kare ne da naman da ya fi nasa. Ya buɗe baki zai ƙwace, nasa ya faɗa ruwa. An tsara labarin don a hore mu game da kwaɗayi. Amma in kun je bakin madatsar ruwa ta Shagari, ko wani tabki na kusa da ku, ku duba babban kare in ya zo sha. Yakan sa baki ne kurum ya sha abinsa, bai kula da karen da ke cikin ruwa ba. Ya riga ya saba, ya san babu kowa a nan.

Jarrabawar ɗigon ja

A shekarar 1970 wani masani Ba'amurke mai suna Gordon Gallup ya buga labarin wata dabara da ya yi don a san ko dabba tana gane kanta a madubi. Ya yi aikin da wani irin babban biri marar wutsiya da ake kira cimfanzi. Akwai irinsa a Nijeriya, a dajin Gashaka Gumti cikin Jihar Taraba.

Gallup ya samo 'ya'yan cimfanzi 4, ya sa kowanne a kejinsa, ya ajiye masa babban madubi har kwana 10. A kwanakin farko suka yi kamar kwikwiyon nan namu, suna tsalle, suna ihu, suna yi wa baƙon barazana. Amma daga wajen kwana na uku sai halinsu ya sake. Suka fara buɗe baki gaban madubi suna sakace haƙora. Suka riƙa juyawa suna duba sassan jikinsu da ba su taɓa gani ba.

Gallup bai yarda da wannan kaɗai ba, ya nemi shaida mai ƙarfi. Sai ya ba su maganin barci. Da barci ya kwashe su, ya shafa wa kowanne jan launi a kan gira ɗaya da saman kunne ɗaya. Launin nan ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi, ba kuma yadda za su gan shi sai da madubi. Da suka farka, babu madubi a wurin, ba su kula da ɗigon ba. Da aka komo da madubi kuwa, sai kowanne ya duba, ya kai hannu ya taɓa girarsa da kunnensa, sa'an nan ya duba yatsunsa, har ya sansana su.

Ku lura da kyau. Ba madubin suka taɓa ba, jikinsu suka taɓa. Wannan ya nuna sun san ɗigon da suke gani a kansu yake. Gallup ya gwada birai masu wutsiya kuma, amma su ba su gane ba, ko da yake sun daɗe gaban madubi. Tun daga lokacin ake kiran dabarar nan jarrabawar madubi.

Waɗanda suka ci da waɗanda suka fāɗi

Bayan wannan aka gwada halittu iri iri. A shekarar 2001 aka ba da labarin wata dabbar teku mai wayo, dolfin, ta ci. A 2006 aka kafa wa giwaye 3 wani ƙaton madubi, tsawonsa ƙafa 8, fāɗinsa ƙafa 8, a gidan ajiye namun daji na birnin Niyok. Aka zana musu farar alama a gefen goshi. Ɗaya daga cikinsu ta tsaya gaban madubi ta yi ta taɓa alamar da dogon hancinta, sauran biyun ba su taɓa ba. A 2008 masana a Jamus suka ce wani tsuntsu dangin hankaka ya ci. A 2019 kuma masana a Jafan suka ce har wani ɗan ƙaramin kifi ya ci, ko da yake waɗansu sun yi musun haka.

Mu mutane fa? Kada ku yi tsammani da wannan sani aka haife mu. A 1972 wata masaniya mai suna Beulah Amsterdam ta buga labarin gwajin da ta yi wa jarirai. Aka shafa musu jan kwalliya a hanci, aka kai su gaban madubi. Jariri ɗan shekara ɗaya yakan yi wa na cikin madubi dariya, ya miƙa masa hannu, ya leƙa baya yana nemansa, daidai da kwikwiyo. Sai ya kai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kāna yake kai hannu ya taɓa hancinsa. Wanda ke da ƙarami a gida yana iya gani da idonsa.

Kare kuwa, har yanzu ba a sami wanda ya ci jarrabawar nan ba. A ɗiga masa launi a goshi, a kai shi gaban madubi, ba zai ɗaga ƙafa ya goge ba. Saboda haka mutane da yawa suka ce, "Shi ke nan, kare bai san kansa ba."

Ko an yi wa kare adalci?

Amma kada mu yi gaggawar yanke hukunci. Wanda ya ci jarrabawa, mun san ya iya. Wanda ya fāɗi kuwa, sai a bincika dalili. Ku ji wani misali.

A shekarar 2011 aka buga labarin wani gwaji da aka yi a ƙasar Kenya. Aka liƙa wa yara 82 wata 'yar alama a goshi ba su sani ba, aka nuna musu madubi. Waɗansunsu sun kai shekara 6 da haihuwa. Yara 2 kaɗai suka kai hannu ga alamar. Yawancin sauran tsayawa suka yi shiru suna kallon madubi. To, za mu ce yaro ɗan shekara 6 bai san kansa ba? Ko kusa. Masu gwajin sun ɗauka yaran sun gane sarai, sai dai ladabi da kunyar baƙi suka hana su cire abin da ba a ce su cire ba. Ku ma da kuna wurin, watakila haka za ku yi. Ashe ana iya fāɗuwa jarrabawa ba don rashin sani ba.

Game da kare akwai dalilai uku da ya kamata mu duba.

Na farko, idonsa ba irin namu ba ne. Yana ganin shuɗi da rawaya, amma ba ya rarrabe ja da kore yadda muke yi. Ya fi mu gani da dare, ya kuma fi mu saurin lura da abu mai motsi, amma mun fi shi ganin ƙananan abubuwa dalla-dalla.

Na biyu, kare bai damu da tabo a jikinsa ba. Biri yakan wuni yana tsintar datti a gashinsa da na 'yan'uwansa, don haka ɗigo a fuska babban abu ne gare shi. Kare kuwa shi ne mai birgima a toka da taɓo, har a kan mushe, ya tashi yana murna. Ina ruwansa da ɗan ɗigo a goshi?

Na uku shi ne mafi girma. Mu mutane mukan ce, "Gani ya kori ji," domin da ido muke tabbatar da abu. A wurin kare kuwa hanci ne shugaba. Kun tuna karen farautan nan da ya san hanyar zomo alhali maigidansa bai ga kome ba? A cikin hanci akwai waɗansu ƙananan abubuwa masu kama wari da ƙamshi, ido ba ya ganinsu don ƙanƙanta. Na mutum wajen miliyan 6 ne. Na kare sun wuce miliyan 100, a waɗansu irin karnuka ma har wajen miliyan 300. Shi ya sa ake koya wa karnuka su gano miyagun ƙwayoyi cikin kaya a filayen jirgin sama, su kuma nemo mutanen da gini ya rufta a kansu.

Karnuka biyu in sun haɗu, ba fuskar juna suke ƙura wa ido ba, sansanar juna suke yi. Da haka kowanne ke sanin ko ɗayan namiji ne ko mace, ko kuma ya taɓa saduwa da shi. To, me madubi ke bayarwa? Haske kaɗai yake mayarwa. Ba wari, ba murya, ba ɗumin jiki. Kare ya sansana bai ji kome ba, sai ya bar shi. Da mu ne aka rufe wa ido, aka jera riguna goma aka ce kowa ya fid da tasa da hanci, da yawancinmu sun fāɗi, kare kuwa da ya yi mana dariya.

Wannan bai nuna madubi ba shi da amfani sam ga kare ba. A 2013 masana a Ostiraliya suka ɓoye abinci a inda kare ba ya ganinsa sai ta cikin madubi. Karnukan da aka buɗe wa madubi sun fi waɗanda aka rufe wa shi samun abincin.

Jarrabawar hanci

Da masana suka lura da haka, sai suka ce bari a gwada kare ta ƙofar da ya sani. Kun ga yadda kare ke ɗaga ƙafa ya yi ɗan fitsari a gindin itace ko jikin katanga, ya ƙara gaba ya sake yi? Mu zarni kurum muke ji. Ga karnuka kuwa kamar wasiƙa ce, duk wanda ya zo sai ya tsaya ya karanta, ya san wa ya wuce.

Wani masani mai suna Marc Bekoff yana zaune a Kolorado cikin Amurka, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa fari fat lokacin sanyi. In kare ya yi fitsari a kanta sai wurin ya koma rawaya. Bekoff yana da karensa. In sun fita yawo, sai ya faki idon karen ya kwashi dusar da aka yi fitsari a kai, wani lokaci ta karensa, wani lokaci ta waɗansu karnuka, ya kai gaba ya ajiye a kan hanya. Ya yi haka lokacin sanyi har shekara 5, ya buga abin da ya gani a 2001. In karen ya iske fitsarin wani, sai ya daɗe yana sansana, sau da yawa ya yi nasa a kai. In ya iske nasa kuwa, sansana kaɗan ya wuce. Watau ya san nasa, ya san na wani.

Amma kare ɗaya bai isa shaida ba. A 2017 wata masaniya a Niyok, Alexandra Horowitz, ta gwada karnuka 36. Ta zuba fitsari kaɗan a cikin 'yan gwangwanaye masu huji a murfi. Wani na karen da ake gwadawa ne, wani na baƙon kare, wani kuma nasa ne amma an ƙara masa wani wari dabam. Ƙarin nan shi ne madadin ɗigon ja. Sai aka ga karnukan sun fi daɗewa a kan nasu da aka sake wa wari, bisa ga nasu da ba a taɓa ba. Kamar kare yana cewa, "Wannan nawa ne, amma me ya same shi?"

Ba dukan masana suka gamsu ba. Gallup da kansa ya ce shaidar ba ta kai ta madubi ƙarfi ba, domin biri ya taɓa jikinsa, kare kuwa gwangwani kurum ya sansana. Haka ilimi yake, wani ya kawo hujja, wani ya auna ta, da haka gaskiya ke ƙara fitowa.

Jarrabawar tabarma

Ga wani gwaji kuma, wanda aka yi a birnin Budafes na ƙasar Hangari, aka buga shi a 2021. Aka sa kare ya tsaya a kan 'yar shimfiɗa kamar tabarma. Aka ɗaure abin wasa a jikin tabarmar, maigidansa ya ce ya miƙo masa. Kare ya kama ya ja, abu ya ƙi tasowa. Me ya hana? Shi kansa ne, gama nauyinsa ya danne tabarmar. Ba yadda zai miƙa abin sai ya sauka.

Aka gwada karnuka 32. Yawancinsu da suka ja suka ji ya ƙi, sai suka sauka daga tabarma da abin a baki, suka kai wa maigida. Don a tabbata ba sauka kurum suke yi ba, wani lokaci sai a ɗaure abin wasan a ƙasa maimakon jikin tabarma, yadda sauka ba za ta yi amfani ba. A nan ba su cika saurin sauka ba. Wannan ya nuna kare ya san yana da jiki, jikin yana da nauyi, kuma wani lokaci jikin nan nasa shi ne ke tare masa hanya.

Ku ma kun sha ganin irin wannan. Kare in ya zo kafar darni ko kwararon katanga, yakan tsaya ya duba. In ta isa ya wuce, sai ya kutsa. In ta yi masa kaɗan, sai ya nemi wata hanya.

To, kare ya san kansa?

Sanin kai ba abu ɗaya ba ne, hawa hawa ne kamar tsani. Matakin farko shi ne ka san jikinka, girmansa da iyakarsa. Kare yana da wannan. Na biyu shi ne ka rarrabe abin da ya fito daga gare ka da na wani. Kare yana yin haka da hanci. Na uku shi ne ka ga fuskarka a madubi ka ce, "Ni ne." Wannan cimfanzi ya yi, yaro ɗan shekara biyu yana yi, amma ba a ga kare ya yi ba. Akwai kuma na can sama, watau mutum ya zauna ya auna halinsa, ya ce, "Jiya na yi ƙarya, ban kyauta ba, gobe ba zan ƙara ba." Wannan hankali ne da Allah ya ɗaukaka ɗan Adam da shi, saboda shi ne kuma ake tambayarmu abin da muka aikata.

Darasi biyu za mu ɗauka. Na ɗaya, kada mu auna kowa da mudunmu kaɗai. An ce kare ya fāɗi, ashe da ido aka tambaye shi alhali da hanci yake amsawa. Haka yake a aji. Wani yaro ba ya iya magana gaban jama'a, amma ba shi alli ka ga lissafi. Wani karatunsa da nauyi, amma ba wanda ya kai shi sanin itatuwa da tsuntsaye. Kada ku yi wa ɗan'uwanku dariya ku ce daƙiƙi ne don ya kasa abu ɗaya.

Na biyu, halittar da ta san jikinta tana jin zafi, tana jin yunwa da ƙishirwa da tsoro. Waɗansu yara in sun ga kare yana wucewa sai su bi shi da jifa, ba abin da ya yi musu. Wannan mugun hali ne. Malamanmu sun karantar da mu hadisin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa saboda haka. Wanda ya ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta, wajibi ne ya ba shi abinci da ruwa da inuwa.

Ku gwada da kanku

Ba sai mutum ya je Amurka kāna ya yi bincike ba. Ɗan ƙasarku Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a Shagari a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya koyar da kimiyya a makarantar Midil ta Sakkwato tun kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Kimiyya kuwa da lura take farawa. In akwai kwikwiyo a gidanku, ku nemi izinin manya ku jingina madubi a inda ba zai fāɗi ba, ku koma gefe ku zauna shiru. Ku rubuta abin da ya yi ranar farko, da ta biyu, har kwana bakwai. Ku gwada zakara da ɗan akuya kuma, ku kawo wa malaminku ku kwatanta.

Amma ku kiyaye. Kada ku yi wannan da karen da ba ku sani ba, kada kuma ku kusanci kare yana cin abinci, ko karya mai 'ya'ya. Karen da ke dalalar da miyau yana cizon duk abin da ya tarar, ku guje shi ku gaya wa manya, domin ciwon haukan kare yana kisa. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira. Karen gida kuma a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka uku da karnuka ke yi a ƙasar Boɗinga da Shagari.
2. Me kwikwiyo ke yi ranar da ya fara ganin madubi? Me ya sa daga baya yake daina kula da shi?
3. Don me Gallup ya zaɓi launin da ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi?
4. Yaro yakan kai shekara nawa kafin ya gane kansa a madubi?
5. Me labarin yaran Kenya ya koya mana?
6. Bayyana jarrabawar tabarma da kalmominka.
7. Me za a yi wa wanda kare ya ciza?
8. Rubuta karin magana uku da aka ambaci kare a cikinsu, ka faɗi ma'anar kowanne.